Jidda ta arewa, Jidda ta kudu

Duk baƙon da ya sauka wurina sai ya tambaye ni unguwar da ta fi daɗin zama a Jidda. Idan aljihu ne zai ba da amsa, to arewa ce: Rauda, Shaɗi, Basatin, har can Ubhur bakin teku. Tituna masu faɗi, ga iskar Bahar Maliya da yamma. Sai dai can motar maƙwabcinka za ka sani, ba fuskarsa ba. Na yi wa wani attajiri tuƙi a Shaɗi, ban taɓa jin wanda ya yi sallama a ƙofa don gaisuwa kawai ba.

Kudu kuwa, Karantina, Gulail, Sabil, Hindawiyya, nan mutanenmu suka yi sansani tun zamanin zuwa hajji ta jirgin ruwa. Kafin rusau, lunguna ne matsattsu, wayoyin wuta a sarƙe, ruwan sama kaɗan ya kwanta a ƙofar gida. Ba na yabon wannan, wallahi akwai wahala. Amma a lokacin, a nan ne za ka sami tsire da daddare, waina da safe, kuma idan aka yi rasuwa kafin azahar layi ya cika.

Daga ƙarshen 2021 aka fara rusau, aka share mafi yawan waɗannan unguwanni. Kuɗin haya ya yi tashin gwauron zabo, jama'a suka watse, wasu gefen gari, wasu Makka, wasu suka koma gida. Yanzu sai a WhatsApp muke jin wanda ya aurar da 'ya.