Sawun da na tarar a garka

Lahadi, bayan isha'i.

Tafin hannuna zafi yake, igiyar guga ta cinye shi, ga ƙaya biyu da suka karye a ɗan yatsa. Bari dai in rubuta kafin barci ya sace ni.

Ina idar da sallar asuba na hau moto na kama hanyar Tibiri. Hunturu ya shigo sosai, sai da na naɗe kunnuwa da rawani. Garkar ba wata babba ba ce, ɗan fili ne da Baba ya bari a fadama, shekaru ba wanda ya sa masa fartanya. Yau kwanana ashirin da farawa. Fangali takwas na yi, na salati da shu (kabeji) da tumatir da albasa, sai layin zogale ta gabas.

Da isata na ga ɓarna. Fangali biyu na salati an aske su tas kamar wanzami ya bi, zogalen da ya fara ɗagowa an fige masa kai. Ga sawu nan a jiƙaƙƙiyar ƙasa, ƴan ƙananan kofato masu tsaga biyu, sun shigo ta kusurwar da na toshe da karan gero. Na durƙusa ina kallo, raina ya ba ni barewa ce. Wataƙila don ɓarnar barewa ta fi daɗin ba da labari a cikin gari.

Ina nan sai ga Kawu da jakinsa. Na gaishe shi, na ce, "Kawu, zo ka gani, barewa ta yi mana ta'adi." Ya duba, ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Ɗana, barewa a nan? Rabona da ita a wannan fadama tun ina saurayi. In ita kake son gani sai ka tafi Gadabeji, can arewa da Dakwaro." Ya tsinci ɗan kashi a ƙasa ya murje da yatsa ya nuna mini. Akuya ce. Jar akuyar nan tamu ta Maradi da ake yabon fatarta har ƙasashen waje, ita ta yi karin kumallo da guminna.

Ba ni da bakin magana. Tun ranar farko Kawu ya ce a yi shinge kafin a zuba iri, domin an gama girbi, an saki dabbobi. Ni kuwa ruwa kawai na sa a gaba, kuɗin duk suka tafi wajen yashe rijiya. Abin da ya fi ba shi dariya karan geron ne, wai na katange akuya da abincinta.

Ban ruwan ma ba wasa ba ne. Gulbin Maradi yanzu yashi ne zalla. Daga wajen Katsina yake fitowa, da damina kaɗai yake gudu, tsofaffi kuma na cewa tun da aka yi madatsar Jibiya ba ya cika kamar da. Sauƙin dai ruwan ƙasa bai yi nisa ba, rijiyata gaba huɗu ce. Amma kowane fangali sai ya sha arozuwar (butar ban ruwa) huɗu da safe, huɗu da yamma, kowace arozuwar kuma guga biyu. Na lissafa a kan hanyar dawowa, na daina, don lissafin na ƙara mini ciwon baya. Ƙasar ga yashi, ka zuba ka juya ka tarar ta shanye. Kawu ya sa na shimfiɗa busasshiyar ciyawa a gindin tumatir, ya ce in ƙara taki, shi ke riƙe laima. Maƙwabcina mai injin ban ruwa ya ce in zan riƙa sayen mai zai ja mini tiyo. Sai na ga ƙarshen wata tukuna.

Daga hantsi har azahar ƙaya muka yi ta ja. Rassan magarya muka sassaro, Kawu na tsaye a kaina kada in sare daga gindi. Shi mutumin sassaben zamani ne, kowane kututture sai ya bar masa reshe biyu ko uku su tashi. Na miƙa gatari wajen wani gawo, ya daka mini tsawa, ya ce ko ban ji tsoron tarar ma'aikatan gandun daji ba, ai na ji kunyar gonar da yake ciyarwa da ganyensa. Muka jera ƙayar baki biyu, muka danne da itace. Ya ce nan gaba mu dasa aguwa a kewaye, dabba ba ta son ƙaronta. Wayar shinge kam na tambayi kuɗinta a babbar kasuwa wancan mako, na yi sallama na wuce.

Da la'asar na bi sawun, ya kai ni gidan wata tsohuwa a bakin ƙauye. Na tafi da maganata a shirye, har da zancen kai ƙara wajen mai gari. Ina yin sallama ta shimfiɗa mini tabarma ta dama fura. Ga mai laifin kwance a inuwa tana tuƙa, ƴaƴanta biyu na tsalle a kanta. Tsohuwa ta dube ni ta ce, "Kai ne ɗan marigayi? Ubanka ya sha ba ni albasa kyauta." Duk abin da na haddace ya gudu. Da ƙyar na ce, "Inna, don Allah a riƙa ɗaure ta da dare." Ta ce in sha Allah za ta kafa mata turke. Kafin in tashi har na yi cinikin buhu biyu na takin awakinta.

Gobe akwai aiki, jikan Kawu zai yi ban ruwan safe. Saura irin salati kaɗan a wurin reno, Laraba zan dasa a fangalin da aka cinye. Uwargida ta kawo allura, ta ce in ajiye waya in miƙo yatsan.