Kaset ɗin Yaya

Jiya muna gyaran ɗakin Yaya a Mabera sai ga kwalin kaset-kaset, wasu zafin Sakkwato ya lanƙwasa su. Ɗaya ya rubuta masa da biro: "Na hanyar Illela". Da hannunsa ya haɗa shi daga Rediyon Rima, yatsa kan maɓalli, yana jiran mai gabatarwa ya yi shiru. C-90 ne, minti 45 kowane gefe, dole mutum ya zaɓa. Kalangu a farko, kukuma a tsakiya, waƙoƙin soyayya can ƙarshe inda Baba ba zai kai ba, ɗan wayo! Yanzu na gane wadda yake nema lokacin.

Jama'a, wa ke da rediyo mai cin kaset? A ara mini.