Abin da aiki a Duwala ya koya min game da yankin Litoral

Shekarata ta farko a ofishin fitar da kaya a Duwala, wallahi ni dai na ɗauka tashar jirgin ruwan a bakin teku take, ashe a bakin kogin Wuri take zaune, jirgi sai ya biyo mashigi mai cika da yashi wanda kullum sai an yashe shi kafin ya iso. Na sani ne ranar da na yi wa wani Alhaji ɗan Injamena alkawarin kwantenarsa za ta fito ranar kaza, jirgin kuwa yana can waje yana jiran ruwa ya ƙaru. Maigidana ya kalle ni ya ce, "Kai yaro, kogin ka tambaya kafin ka yanka rana?" Kunya kamar in nutse.

Daga nan ne na fara kallon taswira da gaske. Litoral, yankin da Duwala take ciki, ɗaya ne cikin yankuna 10 na Kamaru, da lardi ake ce musu sai a 2008 aka maida su yanki, gwamna kuma shugaban ƙasa ne ke naɗa shi ba zaɓe ba, shi ya sa wasu takardun komai gudunka sai sun jira Yawunde. Sassansa huɗu, Wuri da Mungo da Nkam da Sanaga-Maritim.

Mungo ta fi burge ni gaskiya, ƙasa ce mai toka daga tsofaffin duwatsu masu aman wuta, ayabar da ake lodawa zuwa Turai yawanci daga wajen Njombe da Penja take, ga farin masoron Penja da har Faransa ake nemansa, ga kofi a Nkongsamba. Garin Edeya kuma wutar lantarki yake bayarwa daga kogin Sanaga, nan masana'antar alminiyam take.

Amma abin da ya fi shafar aikina damina ce. Yuli da Agusta ruwa ba ya ɗagawa, kayan Chadi in sun hau jirgin ƙasa zuwa Ngaundere sai a sauke a ɗora wa manyan motoci su bi Garwa da Marwa har Kuseri a bakin iyakar Chadi, kwana nawa za su yi Allah masani. Yanzu in Alhaji ya kira yana cewa "yaushe?", sai in ce masa bari in ji labarin jirgi da na ruwan tukuna, in kuma babban jirgi ne in fara tambaya ko Kribi zai sauke, tunda tashar can mai zurfi ta fara aiki a 2018, ita kuma ma ba a Litoral take ba, yankin Kudu ne.