Gwada zaren nano a kan retinar ɓera makaho: daga ina bugun ƙarya ke zuwa

A cutar retinitis pigmentosa, ƙwayoyin da ke karɓar haske a retina, wato shimfiɗar da ke can ƙuryar cikin ido, ne ke mutuwa, amma ƙwayoyin bayifola da na gangiliyon, masu miƙa saƙo ga ƙwaƙwalwa, sukan rayu shekaru bayan haka. Aikin zaren nano, wato zare mai sirantakar da ido ba ya iya gani, shi ne ya zauna a gurbin waɗanda suka mutu, ya sha haske, ya fitar da 'yar wutar da za ta taɓa waɗanda suka rage. Argus II, na'urar da ake dasawa a ido wadda Amurka ta amince da ita a 2013, elektrod 60 gare ta, kuma sai da kyamara da waya. Shi zaren ba batir ba waya. Masu bincike a Jami'ar Fudan ta Shanghai sun nuna haka a jikin ɓeraye a 2018 da zaren titaniya mai ƙwayoyin zinare, a 2025 kuma da zaren teluriyam mai jin hasken infared. Matakin da nake aiki a kai yana zuwa kafin tiyata: gwada zaren a kan retinar da aka ciro daga ido.

Tsirar da zaren titaniya bai da wuya sosai. Muna haɗa ruwa da asid na HCl mai ƙarfi daidai wa daida, mu zuba ɗan titaniyam butokside, mu jingina gilashin FTO, wanda fuskarsa ɗaya ke ɗaukar wutar lantarki, a cikin tukunyar Teflon da fuskarsa mai ɗaukar wuta tana kallon ƙasa, don kada gari ya zubo ya rufe tsiron. Sai a rufe a bar shi a digiri 150 na wasu awanni. Titaniya zalla ba ta shan hasken da tsawon zangonsa ya wuce kusan nanomita 410, shi ya sa ake manna mata zinare don ta ji koren haske. Inda ake sakaci shi ne wanki. Ragowar asid a tsakanin zaruruwan yakan kashe retina cikin 'yan mintoci, mutum ya ɗauka kayan ne ba sa aiki. Nakan jiƙa gilashin kwana guda, ina canza ruwa, har sai ma'aunin pH ya daina motsi.

Retinar muna samo ta daga ɓerayen rd1, waɗanda ƙwayoyin rod ɗinsu, masu karɓar haske mai rauni, kan ƙare kafin su cika wata ɗaya. Ana ciro ta cikin ruwan Ames, mai riƙe retina a raye, da ake hura wa iskar oksijin kashi 95 da kabon-dayoksaid kashi 5, a riƙe ɗumi tsakanin digiri 32 da 34. A cire kaurin ruwan cikin ido tas, a kifa ɓangaren gangiliyon a kan farantin elektrod, a ɗora zaren a bayanta, gefen da masu karɓar haske suke a da. Nan akwai ja-in-ja. Idan ba a danna ba, ruwan gishirin da ke tsakani zai kwashe wutar, domin tazarar 'yan maikiron goma-goma ta isa ta ɓatar da ita. Idan aka danna da yawa, gilashin ya toshe hanyar oksijin, bugun ƙwayoyin, wato siginar wutar da suke fitarwa, ya yi ta raguwa har ya ɗauke. Yanke gilashin ƙanƙani da barin ruwa yana gudu kamar mililita 5 a minti su ne suka fi yi mana maganin wannan.

Daga nan sai a kunna haske, allo ya nuna bugu. A ganina nan ne aikin ya fara, don abubuwa da yawa na iya haifar da wannan bugun ba tare da zaren ya yi komai ba.

Ƙarfen elektrod da kansa yana fitar da wuta idan haske ya same shi cikin ruwan gishiri, kuma bayan kwamfuta ta tace siginar sai ta yi kama da bugun jijiya. Muna haska farantin babu retina, mu haska shi da zaren kaɗai, a ƙarshen gwaji kuma mu zuba TTX, gubar da ke tsayar da bugun jijiya, maikiromola 1. Duk bugun da ya rage bayan TTX ba na jijiya ba ne.

Sannan ɓera makaho ba makaho ne ɗungurungum ba. Wasu ƙwayoyin kon, ɗaya nau'in masu karɓar haske, suna daɗewa, ga kuma gangiliyon masu melanofsin, sinadarin da ke sa su ji haske da kansu, waɗanda suka fi jin shuɗin haske wajen nanomita 480. Amsarsu takan zo a makare ta kuma daɗe bayan an kashe haske, amma kada a dogara da siffa kawai. A auna retinar nan ɗin kafin a ɗora zaren, a sake aunawa da gilashi fayau mai girma ɗaya. Retinar rd1 kuma tana da wani kaɗawa nata na kanta, kusan sau 10 a daƙiƙa. Wanda ya riƙa walƙa haske a tazara tsayayya zai iya dacewa da wannan kaɗawar ya ga amsar da babu ita, don haka tazarar walƙiyarmu a hargitse muke tsara ta.

Zafi ya fi su ɓuya. Zinare da silikon, wanda shi ma ake yin zaren da shi, duk suna mayar da wani kaso na haske zafi, kuma ɗumama fatar ƙwaya farat ɗaya na iya sa ta bugu. Muna kusanto da bakin bututun gilashi mai ruwan gishiri dab da zaren mu bi yadda tirjiyarsa ke sauka, don ita ke nuna hawan zafi. Idan sai zafi ya hau da digiri 1 ko 2 kafin a samu amsa, kayan ba su dace da zama cikin ido ba, ko da hoton sakamakon ya yi kyau.

Bayan an kore waɗannan, sai a zuba magungunan da ke toshe masu karɓar gulutamet, sinadarin da bayifola ke aika saƙo da shi ga gangiliyon. Misalin magungunan shi ne CNQX da AP5. Ɓacewar amsa na nufin wutar ta bi ta bayifola, hanyar da ake so, domin retina na sarrafa saƙon kafin ya fita. In ta tsaya yadda take, gangiliyon ake taɓawa kai tsaye.

Ƙarfin haske a daidai inda retinar take ake auna shi, ba a bakin fitila ba. Kayan da ke amsawa ƙarƙashin leza ba lalle su amsa a hasken ɗaki ba. Na'urar PRIMA ma, wadda ake dasawa ƙarƙashin retina, mai faɗin milimita 2, da tabarau ake harba mata infared na nanomita 880. Kuma haske mai ɗorewa yana tura wuta ta fuska ɗaya, abin da ke sauya pH a kusa da zaren. Titaniya ƙarƙashin hasken UV har sinadaran oksijin masu ƙona nama take samarwa. Gajerun walƙiya da hutu a tsakaninsu sun fi aminci.

Kafin a taɓa dabba mai rai, muna tsufar da kayan cikin ruwan PBS, ruwan gishiri mai kama da na jiki. Bisa ƙiyasin cewa kowane ƙarin digiri 10 na ninka saurin lalacewa, wata ɗaya a digiri 67 yana tsayawa a madadin wata takwas a 37. Zaren silikon mara rufi narkewa yake yi a hankali, na titaniya kuma zinarensa ake duba ko ya zube. A cikin idon ɓera, mai faɗin kusan milimita 3, ruwan tabarau na idon kan yi hazo idan dabbar ta yi sanyi ko idon ya bushe lokacin da take cikin maganin barci, hasken da ke isa ga zaren ya ragu. Tsukewar ƙwayar ido kuwa ba na karɓarta a matsayin shaidar gani, tunda melanofsin kaɗai na iya jawo ta. Sai an ga amsa a sashen gani na ƙwaƙwalwa, an kuma kwatanta da ɓerayen da aka yi wa tiyatar ba a sa musu zaren ba.