Na zo Malesiya neman ilimi, 'yata kuma ta tafi Ingila

Ranar da sakamakon SPM ya fito, wato jarrabawar gama sakandare ta nan Malesiya, 'yata ta ajiye takardar a gabana ta ce, "Abah, Ingila nake son zuwa." Dariya ta ƙwace mini. A 1999 mahaifina ya sayar da gona a bayan Kura don in zo jami'ar Musulunci ta Gombak, ga kuma 'yar cikina tana ganin ƙasar da na ƙetare teku domin ta ba ta ishe ta ba. Uwarta 'yar Malay ce, ita 'yar tawa a nan aka haife ta, Hausarta ba ta wuce gaisuwa da "ina jin yunwa" ba. Na waiga in ga ko uwar za ta taya ni dariya, sai na ga tana goge faranti ɗaya tun ɗazu. Ashe an gama shawara, ni ne na ƙarshen ji.

A falon surukata akwai hoton yayan matata cikin dusar ƙanƙara, sanye da rigar sanyi da ta fi ƙarfinsa. Japan aka tura shi a ƙarƙashin shirin "Dubi Gabas" da firaminista Mahathir Mohamad ya ɓullo da shi a 1982. Gefensa hoton wani ɗan'uwansu ne da rawanin Azhar. A gidajen Malay da yawa haka arziki ya shigo: hukumar gwamnati mai ba da tallafin karatu, JPA ko MARA, ta ɗauki ɗan manomi ta kai shi waje, ya dawo injiniya ko likita, ya ɗaga dangi gaba ɗaya. Saboda haka idan surukata ta ce "karatun waje", ita hoton nan take gani. Ba ta taɓa tambayar wace jami'a ba.

Maƙwabcina Basine ne mai sayar da kayan mota, kuma nasa dalilin daban ne. Muna shan teh tarik, shayin madara na nan, wani dare ya ce mini, "Ku zaɓi kuke yi, mu kuwa hanya muke nema." Shirin share fagen shiga jami'a na gwamnati, matrikulasi, kashi 90 cikin 100 na gurabensa na bumiputera ne, wato Malay da sauran 'yan asalin ƙasa. Shi kuma ɗansa makarantar Sinawa mai zaman kanta ya yi, ya fito da takardar gama sakandare tasu, UEC, wadda jami'o'in Taiwan da Singafo ke karɓa hannu bibbiyu. Tun yaron yana goye uban ya fara tara kuɗi, domin ya san inda za a ƙare. Na yi shiru, don 'yata ba a rufe mata ƙofa ba. Da na tsananta wa kaina tambaya, dalilanmu ba su wuce uku ba: Turanci ya zauna a bakinta, kamfanoni su ga sunan Ingila a takardarta, sai na ukun da ba mai furtawa, kada a ce 'ya'yan wane sun fita namu na gida.

Tallafin gwamnati bai samu ba, dama an rage masu zuwa waje sosai. Muka bi hanyar da 'yan Malesiya suka ƙware a kai, wadda suke kira 2+1: shekara biyu a wata kwaleji mai zaman kanta a Subang Jaya, ta ƙarshe a Ingila, digiri kuma na jami'ar can. Wahala ce ta yaɗa wannan dabara. Rikicin kuɗi na 1997 ya karya ringgit, kuɗin Malesiya, har gwamnati ta ɗaure shi a kan 3.80 ga dala a 1998, iyaye da yawa suka kasa biyan kuɗin waje. Dama dokar 1996 ta buɗe wa jami'o'i masu zaman kansu hanya, sai jami'ar Monash ta Ostireliya ta buɗe reshe a nan a 1998, Nottingham ta Ingila ta biyo baya a 2000. Idan ba ka iya kai ɗa Ostireliya ba, an kawo maka Ostireliyar bakin titi.

Kurakuraina biyu ne, kuma duk na kaina ne. A ƙarshen 2022 na zauna da biro na yi lissafi lokacin da fam ɗaya ya ɗan haura ringgit 5, na ja layi na ce mun isa. Ban bar ko kwabo don canjin kasuwa ba, ni da na fito daga ƙasar naira! Kafin mu biya kashi na biyu na kuɗin makaranta a farkon 2024, fam ya kai kusan ringgit 6. Matata ta ciri kuɗi daga asusun ajiyar ma'aikata na KWSP, wanda doka ta yarda a taɓa don karatun 'ya'ya, amma guzurin tsufanta ne ta ciro. Har yau idan na tuna sai in ji nauyi.

Na biyun ya fi ban haushi. Bizar ɗalibi ta Birtaniya na buƙatar kuɗin su kwana 28 a jere a banki ba tare da sun ragu ba. A kwana na 20 mota ta lalace, na zari kaɗan da niyyar mayarwa washegari. Na mayar ɗin, amma ƙidaya ta koma farko. Sati uku 'yata ba ta ce mini komai ba sai "ina kwana, Abah", kuma wannan ya fi faɗa ciwo.

Ranar tafiya mota huɗu muka yi zuwa filin jirgin Kuala Lumpur, bayan an yi walimar addu'a a gida. Akwatinta ya haura nauyi da kilo 4. Muka buɗe shi a tsakiyar jama'a: tukunyar dafa shinkafa ta lantarki, kwalaben sambal, miyar barkono ta Malay, da kakarta ta naɗe cikin zani, busassun ƙananan kifi, da ƙullin yajin ƙuli da na sa aka kawo daga Kano. Ta cire takalma biyu da littafi, ta bar yajin. Na juya baya kamar ina duba allon jirage.

Abin da ban saka a lissafi ba shi ne dawowa. Ta gama, ta nemi izinin zama na shekara biyu da Birtaniya ke bai wa waɗanda suka kammala digiri a lokacin, ta samu aikin akanta a Manchester. Yanzu kuma tana maganar Singafo, wai ya fi kusa da gida, kuma dalarsu ɗaya ta fi ringgit 3. Ɗan maƙwabcina tuni yana can. Duk ranar Lahadi kakarta na karɓar waya ta tambaye ta yaushe za ta dawo, ita kuma ta ce "in sha Allahu, bayan Sallah". Ina daga gefe ina ji, kuma na san amsar, don ita na riƙa bai wa mahaifina shekara da shekaru.