Mitar Gwaggo

Gwaggona da ke Tudun Wada ƙwan fitila biyu gare ta, sai fanka da rediyo. Amma kafin a sa mata mita, kuɗin ƙiyasi ake kawo mata kamar mai injin niƙa.

A Afrilun 2024 aka ɗaga wa 'yan Band A, wato rukunin da aka fi ba wuta a rana, kuɗin wuta zuwa naira 225 kowane yunit, sauran rukunai kuwa gwamnati ta ci gaba da cika musu. Layinsu Gwaggo ba Band A ba ne, tallafin na kai mata ke nan, ko da ba ta taɓa riƙe shi a hannu ba.

Da na yi mata bayani sai ta yi dariya: "Ɗan nan, ni dai katin dubu biyu ya kai ni ƙarshen wata." Yana kaiwa kuwa, tunda wutar ma baƙuwa ce.