Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Gwangwanin Madara

A makon jiya na tsaya a inda aka sallamo ni daga asibitin ƙashi na Dala, da ƙarfe a cinya da sanda a hannu. Adaidaita sahun kuwa tana yashe a ƙofar gidan mai ita, gabanta ya lotse kamar an taka kwano. Sau huɗu yayana yana zuwa ofishin kamfanin da motarsu ta buge ni. Yau manaja ya yi tafiya, gobe ana duba takardu, a zuwa na huɗu maigadi ma bai bar shi ya shiga ba. Abin da ya taɓa shiga hannuna naira dubu 20 ce da direban ya kawo, ita ma daga aljihunsa, Allah ya saka masa.

Ni ba mutumin kotu ba ne. Tun 2013 da aka hana acaɓa a Kano na koma tuƙin adaidaita, ko bayan kanta ban taɓa shiga ba. Kawuna cewa ya yi in bar wa Allah, wai shari'a saɓanin hankali. To amma mai babur yana jiran dukiyarsa, yara uku suna jiran tuwo.

Wani tsohon fasinjana ne ya haɗa ni da lauya. Na shiga zuba masa labari har da hawaye, ya bar ni na gama, sannan ya ce, "Malam, ina rasit?"

Raina ya sosu, ban ɓoye ba. Sai ya zaunar da ni ya yi mini bayani. Diyyar da za mu nema iri biyu ce. Akwai ta ciwo da wahala da naƙasa, wannan alƙali ne zai kimanta. Akwai kuma ta kuɗin da suka fita daga aljihuna da waɗanda na rasa, ita kuwa kowace naira sai an nuna inda ta bi. Ya ce, "Ai ko a kotun Musulunci hujja tana kan mai da'awa." Na yi shiru.

Da na koma gida na faɗa wa matata, Maman Abba. Ba ta ce uffan ba, ta durƙusa ta jawo gwangwanin madara daga ƙarƙashin gado. Ashe duk takardar da aka miƙo mata a asibiti ninke ta take yi ta jefa ciki: ta hoton ƙashi, ta jini, ta gado, ta magani, har da wadda miya ta ɓata. Guda 37. Ni da nake mata tsiya wai tana tara shara! Lauya ya baje su a tebur ya lissafa, suka tashi naira 412,000.

Abin da ya ci mini rai shi ne sati biyun da na yi a wajen mai ɗori kafin a kai ni Dala. Dubu 60 muka kashe a can, ban da kaji, amma wa ya taɓa karɓar rasit a hannun mai ɗori? Lauya ya ce za mu sa, sai dai kada in ɗora rai. Kuɗin da nake samu kullum ma da sun bi ruwa, in ba don littafin balas da mai babur yake rubutawa kowane dare ba. Muka haɗa da rahoton 'yan sanda da takardar likita, aka rubuta bayanina, na je na yi rantsuwa a kansa, muka biya kuɗin shigar da ƙara, masinjan kotu ya kai musu sammaci.

Ranar zaman farko a babbar kotu da ke Miller Road na sa farar shaddata ta sallah, na kwana ina bitar abin da zan faɗa. Ko bakina ban buɗe ba. Lauyansu ya miƙe ya roƙi lokaci don su shigar da martani, aka ɗage zuwa bayan sati bakwai. Duka-duka minti biyar.

Bayan magariba ina zaune a tabarma ina shafa man zafi, wayata ta yi ƙara. Baƙuwar lamba. Na ɗauka, aka yi sallama da ladabi, aka ce manajan kamfanin ne, yana tambaya ya jiki.

Mu haɗu mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.